Yadda Ake Zaɓen Matatar Iskar Babur da Gyaran Hanyar Shigar Iska a Ƙasa Mai Ƙura

Kafin lita ɗaya ta fetur ta ƙone yadda ya kamata a cikin injin babur, sai injin ya zuƙi iska kimanin lita 9,000 zuwa 10,000, domin a ma'aunin nauyi kowane kashi ɗaya na fetur yana buƙatar kashi 14.7 na iska. Ga mai babur ɗin da ke bin hanyoyin burji da na yashi a tsakanin ƙauyukan Ringim, Gumel, Ɗambatta ko Gaya, wannan iska ba ta zuwa ita kaɗai. Tana ɗauke da ƙurar da tayoyin motocin kasuwa suka tayar, da ƙaiƙayin sussuka a lokacin kaka, sannan daga watan Nuwamba zuwa Maris ga ƙurar hunturu da iskar arewa maso gabas ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi. Abin da ke tsaye tsakanin wannan ƙura da cikin inji shi ne matatar iska, wadda makanikai ke kira iyakilina, kuma ita ce abin da masu babur suka fi rainawa duk da arharta.

Ƙurar ƙasarmu tana ɗauke da ƙwayoyin yashi masu taurin da ya isa ya kankare ƙarfe. Idan ta wuce matata ta shiga silinda, sai ta gauraya da baƙin man da ke jikin bango, ta riƙa cin ringi da fistin da bawul a hankali kamar ana goga su da samfefa. Mai babur ba ya ganin ɓarnar a ranar da ta fara. Sai bayan watanni zai lura babur ɗin ya fara shan baƙin mai, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi, ƙarfinsa ya ragu idan an ɗora masa buhun gero, daga ƙarshe bakanike ya ce sai an sauke inji. Saboda haka ma'aunin farko wajen zaɓen matata a karkarar Kano da Jigawa shi ne yawan ƙurar da take tarewa. Yawan iskar da take bari ta wuce yana zuwa ne a baya, kuma duk wani gyara da za a yi wa hanyar iska dole a auna shi da wannan ma'auni.

Mataki na farko shi ne ka buɗe akwatin matatar ka ga abin da kamfani ya sa wa babur ɗinka. A yawancin baburan da muke hawa, irin su Boxer na kamfanin Bajaj, da TVS, da Haojue, da Jincheng, akwatin yana bayan murfin gefe a ƙarƙashin wurin zama, a roba-roba kuwa sau da yawa yana gaba, kusa da kafireta. Ka kashe inji, ka goge ƙurar da ke jikin murfin kafin ka kwance shi, domin kada ta zuba ciki. Idan ka ciro matatar, ka lura da fuskar da ke kallon waje da wadda ke kallon kafireta, ka kuma toshe bakin tiyon da ke zuwa kafireta da tsumma mai tsabta muddin akwatin yana buɗe. Daga nan sai ka yi gwajin da ya fi kowanne faɗa maka gaskiya: ka naɗa farin ƙyalle a yatsa, ka shafa cikin tiyon robar da ya tashi daga akwati zuwa kafireta. Idan ƙyallen ya fito fes, ko da ɗan maiƙo kawai, hanyar iskarka lafiya take. Idan kuwa ya fito da jan gari, ko ka ji ƙurus-ƙurus tsakanin yatsunka, to ƙura tana wucewa, kuma wajibi ne ka gano ta inda take bi kafin ka kashe ko sisi a kan sabuwar matata, domin sabuwar matata ba ta maganin akwatin da ya tsage.

Mataki na biyu shi ne sanin nau'o'in matatar da ake samu, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure, domin kowanne nau'i da irin kulawarsa.

Matatar soso ita ce ta fi dacewa da mai zaman ƙauye, idan babur ɗinsa da ita ya zo. Soson kansa ba ya tare ƙura sosai, man da aka jiƙa shi da shi ne yake kama ta yayin da iska ke ratsa ƙananan ramukansa. Wasu suna da hawa biyu, soso mai manyan ramuka a waje da mai ƙanana a ciki, kuma wannan ya fi kyau ga hanyar burji. Amfaninta shi ne ana wanke ta a mayar sau da yawa, kuma danshi ba ya lalata ta. Aibinta shi ne soson da babu mai a jikinsa kusan daidai yake da babu matata, kuma mutane da yawa suna wanke shi su mayar a bushe suna ganin sun yi tsabta. Haka kuma soso yana tsufa. Idan ka matsa shi ka ga yana marmashewa, ko ya ƙi komawa siffarsa, to ya gama aiki, kuma ɓarɓashinsa ma yana iya shiga kafireta ya toshe ta.

Matatar takarda, wadda aka ninke takardarta ninki-ninki a cikin firam na roba ko ƙarfe, tana tare ƙura mai laushi ƙwarai, kuma ba ta buƙatar mai. Sai dai ba a wanke ta, ba a shafa mata mai, kuma idan ta jiƙe ta lalace. Abin da ake yi mata shi ne a ɗan bubbuga ta a hankali a kan tafin hannu, ko a hura mata iska mara ƙarfi daga fuskar ciki zuwa waje. A guji kai ta wurin mai faci ya sakar mata iskar taya kai tsaye, domin ƙarfin iskar yana buɗa ƙananan ramuka a takardar waɗanda ido ba ya gani amma ƙura na ratsawa. Akwai kuma wata takardar da kamfani ke jiƙawa da mai tun daga masana'anta, wadda za ka ji tana da danƙo idan ka taɓa. Ita wannan ba a hura ta kuma ba a wanke ta, idan ta cika sai dai a sauya.

Nau'i na uku shi ne na yadin auduga da aka matse tsakanin ragar waya aka shafa masa mai, wanda kamfanin K&N na Amurka ya shahara da shi. An yi shi ne domin ya bar iska ta wuce da yawa, kuma a kan kwalta mai tsabta yana da muhallinsa, amma wajen tare ƙura mai laushi irin ta hunturu bai kai takarda mai kyau ko soso mai mai ba. Abin da ake sayarwa a kasuwanninmu da wannan siffa, wato 'yar mazurarin nan mai ƙyalli da ake ɗaurawa a bakin kafireta, mafi yawansa kwaikwayo ne, wani ma ragar waya ce zalla. Ka ɗaga shi sama ka kalli rana ta cikinsa. Idan kana ganin ɗigon haske ta ramukansa, to ƙura ma ta nan za ta bi.

Mataki na uku shi ne sayen, kuma shawarata ita ce ka tafi shago da tsohuwar matatar a hannunka, ko a kasuwar Wudil ce ko ta Maigatari ko shagon kayan babur na bakin tasha. Ka ɗora sabuwar a kan tsohuwar ka ga tsawo da faɗi da kauri sun zo daidai, domin matatar da ta gaza ko da kaɗan za ta bar kafa a gefe, iska kuwa kullum hanya mafi sauƙi take bi. Idan soso ne, ka duba wurin da aka haɗa shi da gam, ka ɗan ja shi ka ga ko zai rabu, ka kuma kwatanta girman ramukansa da na asali. Idan takarda ce, ka ƙirga ninkin, domin jabu yakan rage yawan ninki saboda a rage takarda, ka kuma duba ko an liƙe gefunan takardar da firam ɗin ba tare da rata ba. Robar da ke zagaye da baki ta kasance mai laushi, ba busasshiya ba. Ka faɗa wa mai shago kai tsaye cewa gangariya kake so ko da ta fi tsada, kuma ka ce ya nuna maka duka biyun ka gani da idonka. Bambancin kuɗin da ke tsakaninsu bai kai ko kusa da kuɗin ringi da fistin da ladan bakanike ba. Kada ka yarda a yanko maka soson katifa ko na kujera a cusa a akwati, domin ramukansa ba a yi su don tace iska ba, kuma fetur da zafi suna saurin ruɓar da shi.

Mataki na huɗu, ga mai soso, shi ne wanki da sa mai. Ka wanke soson da kananzir ko da ruwan ɗumi da sabulu, kana matsa shi a tafin hannu har ruwan ya daina fita da datti. Kada ka murɗe shi kamar ana matse wanki, domin murɗawa tana yaga shi daga ciki. Wanke shi da fetur, wanda shi ne aka saba gani a gareji, yana cin gam ɗin da ya haɗa soson, ga kuma haɗarin gobara. Bayan wanki ka shanya shi a inuwa har ya bushe sarai, domin mai ba ya kama jiƙaƙƙen soso. Daga nan ka zuba masa mai. Wanda aka yi musamman don matatar soso shi ya fi, saboda yana da danƙo ba ya tsiyayewa, amma idan babu shi, sabon baƙin man inji ko man giya mai lamba 80 zuwa 90 yana wadatarwa. Tsohon man da aka juye daga inji bai halatta a nan ba, domin cike yake da garin ƙarfe. Hanya mai sauƙi ita ce ka saka soson a cikin leda mai tsabta, ka zuba mai kaɗan, ka riƙa murza shi ta bayan ledar har launinsa ya zama ɗaya ko'ina ba tare da wani farin wuri ba, sannan ka matse rarar. Idan ka taɓa shi ya bar maiƙo a yatsa amma ba ya ɗiga, to ya yi daidai. Man da ya yi yawa yana toshe iska, babur ya riƙa shan fetur yana baƙin hayaƙi.

Wajen mayarwa, ka goge cikin akwatin da tsumma mai ɗan danshi, ka shafa giris siriri a gefen da matatar ke zama domin ya toshe duk wata kafa, ka tabbatar ragar waya ko firam ɗin da ke riƙe soson ya koma mazauninsa. Ita wannan raga tana hana a zuƙe soson zuwa kafireta, tana kuma tare harshen wuta idan inji ya yi tari ta baya, saboda haka ba abin yarwa ba ce. Ka cire tsumman da ka toshe tiyo da shi, ka rufe murfi da dukkan sukurorinsa, ka ɗaure zoben da ke riƙe tiyo a bakin kafireta. Ka lanƙwasa tiyon da hannu ka duba, domin zafin bazara yana busar da roba ta tsattsage a cikin lanƙwasa inda ba a gani. Akwai kuma siririn tiyon da ke fitar da tururin inji zuwa akwati, da wani ɗan gajere a ƙasan akwatin mai tara ruwa da mai. Na farkon ya kasance a haɗe, na biyun a zubar da abin da ya tara a mayar da marfinsa. Mai aikin acaɓa ko mai kai kaya kasuwannin ƙauye kullum ya kamata ya duba matatarsa kowane mako a lokacin hunturu, kuma zai yi dabara idan ya ajiye soso biyu, ɗaya a babur ɗaya a wanke da mansa a cikin leda.

Sai batun sauye-sauyen da ake yi wa hanyar iska, wanda matasa suka fi sha'awa. Abin da aka fi yi shi ne a cire akwatin gaba ɗaya a ɗaura 'yar mazurari a bakin kafireta, ko a huhhuda murfin akwati, ko a yanke bututun da iska ke shiga ta cikinsa, wani ma ya cire matatar ya bar akwatin fayau. Babur ɗin yakan ƙara ƙara idan an murɗa totur, kuma wannan ƙarar ce take sa mai shi ya ɗauka ƙarfi ya ƙaru. Gaskiyar magana ita ce injin da bai wuce cc 100 zuwa 150 ba ƙarfinsa yana da iyakar da girman silinda da bawul da salansa suka gindaya masa, kuma buɗe bakin kafireta kaɗai ba ya ƙara masa wani abin a zo a gani. Sau da yawa ma ƙarfin ja a ƙaramin gudu, wanda shi ne mai ɗaukar kaya a cikin yashi yake buƙata, raguwa yake yi. Akwatin da kamfani ya ƙera ba ado ba ne. Yana kwantar da iska kafin ta isa kafireta, yana sa manyan ƙwayoyin yashi su faɗi ƙasa kafin su kai ga matata, yana kare ta daga ruwan sama da fallatsin taya, kuma da shi aka auna jet ɗin da ke cikin kafiretar, wato ɗan sukuru mai rami wanda fetur ke bi ta cikinsa. Mazurarin da ke waje kuwa yana zaune ne a bayan inji, inda iska ke da zafi, daidai inda tayoyi ke watso ƙasa.

Akwai kuma dalilin tsimin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, masu babur da yawa suna neman duk hanyar da za su rage shan mai, kuma wasu makanikai kan ba su shawarar a ƙara iska a matse mai. Idan iska ta yi wa fetur yawa, injin yana ƙonewa da zafin da ya wuce kima, kuma baburanmu iska ce kaɗai ke sanyaya su, a ƙasar da zafin Afrilu kan haura digiri 40. Ƙarshen wannan tsimi shi ne ƙonewar bawul ko kamewar fistin. Wanda yake son rage shan mai ya fara da wanke matatar da ta toshe, domin toshewarta tana sa kafireta ta riƙa zuƙo fetur fiye da ƙima.

Gyaran da nake goyon baya shi ne wanda ke ƙara tsabtar iska. Idan akwatin ya tsage a sauya shi, kada a ɗaure da roba. Idan matatarka takarda ce, ana iya sa siririn soso mai manyan ramuka a bakin shigar iska domin ya tare ƙaiƙayi da manyan ƙwayoyi, muddin bai matse hanyar ba. A kuma kula kada a cusa tsumma ko leda ko takardun babur a ƙarƙashin wurin zama inda za su rufe bakin bututun, domin wannan kaɗai yana sa babur ya riƙa shaƙewa a rasa dalili.

Idan duk da haka mutum ya ƙudurta sai ya buɗe hanyar iska, wataƙila saboda babur ɗinsa a kwalta yake yini ko an riga an sauya masa salansa, to ya zaɓi mazurarin soso mai hawa biyu wanda ake sa wa mai, ya auna faɗin bakin kafiretarsa da milimita domin ya sayi daidai, ya ajiye tsohon akwatin kada ya yar, kuma ya san cewa dole a sake daidaita kafireta. Ya fara da gano irin kafiretarsa, domin wadda ke da faifan roba a samanta, wadda zuƙar iska ke ɗaga mata fistinta, ba ta jure rashin akwati, takan riƙa sarƙewa a tsakiyar totur. Wadda wayar totur ke ja kai tsaye ta fi sauƙin daidaitawa. Aikin mai a cikin kafireta kashi uku ne: ƙaramin jet da sukurun gefensa suna kula da silo, wato aikin inji ba tare da an murɗa totur ba, zuwa kusan rubu'in totur, allura tana kula da tsakiya, babban jet kuma daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe. Tunda iska ta ƙaru, mai ma sai ya ƙaru. A sa babban jet mai lambar da ke gaba da ta asali, mataki ɗaya kawai, a gwada kafin a ƙara wani. Idan tsakiyar totur ce ke da rauni, a sauke ɗan kilif ɗin allura daraja ɗaya zuwa ƙasa, wanda hakan ke ɗaga allurar ya ƙara mai. Kafin a taɓa sukurun gefe, a murɗa shi ciki a hankali har ya tsaya ana ƙirga zagayen, a rubuta adadin, domin a iya komawa inda aka fito. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, kuma kada a yarda a faɗaɗa ramin jet da allurar ɗinki ko waya, domin ramin da aka ɓata ba ya gyaruwa.

Fulogi ne zai nuna ko an dace. Bayan babur ya yi zafi an yi tafiya mai ɗan nisa da gudu, a kashe shi ba tare da an bar shi yana silo ba, a jira ya huce, a kwance fulogin a duba bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa mai haske yana nufin iska da mai sun daidaita. Fari fat yana nufin mai ya yi kaɗan, kuma wannan shi ne mai haɗari, musamman idan ana jin salansa na fashe-fashe yayin da aka saki totur, ko silo ya ƙi sauka da wuri, ko babur ya fi lafiya idan an ja cok. Baƙi mai gari kamar kunkunniya yana nufin mai ya yi yawa ko matata ta toshe. Baƙi mai maiƙo kuwa ba laifin kafireta ba ne, baƙin mai ne ke haurowa, alamar ringi ya riga ya ci. Baburan zamani marasa kafireta, waɗanda na'ura ke auna musu mai, suna iya gyara ɗan ƙaramin bambanci da kansu, amma ba su da jet ɗin da bakanike zai sauya, saboda haka a bar musu akwatinsu yadda yake.

Da damina kuma matsalar takan koma ta ruwa, musamman ga mutanen fadamun Haɗejiya, Auyo da Kafin Hausa, inda hanya kan yanke a watan Agusta. Ka san tsayin bakin da babur ɗinka ke shaƙar iska, kada ka shiga ruwan da ya kusa kai wa wurin, mai mazurari a waje kuwa ko ruwan sama mai ƙarfi yana iya kashe masa inji. Idan babur ya mutu a cikin ruwa, kada ka buga kik ko ka danna sitata, domin ruwa ba ya matsuwa, kuma idan ya cika silinda yana iya lanƙwasa sandar fistin. Ka tura shi zuwa tudu, ka buɗe akwati ka zubar da ruwan, ka cire matata da fulogi, ka buga kik sau da yawa har ruwa ya daina fita ta ramin fulogi, ka kwance sukurun ƙasan kafireta ka tsiyaye abin da ke ciki. Ka duba baƙin mai, idan ya koma fari-fari kamar an zuba masa madara to a juye shi a zuba sabo kafin a yi tafiya. Soso a wanke shi a busar a sake sa masa mai, takardar da ta jiƙe kuwa sai dai a sayi wata.